Yadda Ake Rubuta Labarin Kisa da Fatalwa a Jirgin Ƙasa na Zamanin Kaboyi

Shekara biyu da suka wuce na fara sakin wani labari babi-babi a wani zauren masu karatu. Jirgin ƙasa ya taso daga garin Omaha na Amurka zai tafi Kalifoniya, aka wayi gari da gawar wani attajiri a kan gadonsa, ga kuma fatalwa tana bin taragun da dare. Har babi na 12 mutane na biye da ni, kowa na kawo wanda yake zargi. A babi na 13 sai na sa fatalwar ta fito wa mai bincike ta nuna masa wanda ya yi kisan. Washegari wata baiwar Allah ta rubuto mini cewa, "Malam, in dai fatalwa ce za ta faɗa, don me ka sa muka yi ta ƙirga wanda ya shiga da wanda ya fita?" Gaskiyarta. Na janye labarin, na koma na karanta yadda jirgin wancan zamani yake aiki, na sake gini daga tushe. Abin da na koya shi ne zan jero a nan, kuma ginshiƙinsa ɗaya ne: fatalwa ta kawo tsoro, ta tono tsohon laifi, amma hankalin ɗan Adam da yanayin jirgin su ne za su kama mai kisa.

Mataki na farko: tsayar da shekara da layi

Kada ka rubuta "a zamanin kaboyi" ka wuce. Shekarar da ka zaɓa ita ce za ta gaya maka abin da ke cikin jirgin da abin da babu. An haɗa layin dogon da ya ratsa Amurka daga gabas zuwa yamma ranar 10 ga Mayu, 1869, a Promontory da ke Utah. Kamfanin Union Pacific ya shimfiɗa mil 1,086 daga Omaha, kamfanin Central Pacific ya shimfiɗa mil 690 daga Sacramento da ke Kalifoniya. Tafiyar tana cin kwana huɗu ko fiye, kuma fasinja kan sauya jirgi a Ogden, inda kamfanonin biyu suka yi iyaka. Kwana huɗu ya ishe ka labari guda, kuma Ogden ta zama maka wa'adi: in jirgi ya isa can ba a gano mai laifi ba, kowa zai watse da kayansa.

Ni na zaɓi farkon 1872, domin a hunturun 1871 zuwa 1872 dusar ƙanƙara ta toshe layin Union Pacific a Wyoming, jirage suka maƙale, wasu fasinjoji suka yi makonni a hanya. Ba ni na ƙirƙiro tarkon ba, tarihi ne ya ba ni shi. Sai dai zaɓin shekara yana da kuɗinsa. Shahararriyar libarbar nan ta Colt da ake gani a ƙugun kowane kaboyi a fim, da bindigar Winchester mai farin jini, duk a 1873 suka fito. Wanda ya sa labarinsa a 1872 bai isa ya ba kowa su ba. Zanen yatsa kuwa ka manta da shi baki ɗaya, sai a 1892 aka fara kama mai kisa da shi, a Ajantina ma.

Mataki na biyu: zana jirgin a takarda

Ɗauki farar takarda ka zana jirgin daga kai zuwa wutsiya kafin ka rubuta kalma ɗaya. Gaba kan jirgi ne da direba da mai zuba masa kwal. Bayansa taragon kwal da ruwa, sai taragon kaya da wasiƙu, inda ma'aikacin kamfanin aika saƙo yake zaune da akwatin ƙarfe na kuɗi, kuma nan ake ajiye akwatin gawa in ana kai mamaci garinsu. Sai taragun zama masu benci, sai taragon kwana na kamfanin Pullman na masu hannu da shuni. A cikin taragon kwana kujeru ne da rana, da dare a shimfiɗa su su zama gadon ƙasa, a sauko da gadon sama daga jikin rufi, a ja labule. Labule kawai ke tsakanin mai barci da hanyar da ke tsakiya. Murhu na can kusurwa, fitilu na lilo, haskensu bai taka kara ya karya ba.

Abin da ya fi komai amfani gare ka shi ne wannan: sai a 1887 aka fara rufe tsakanin tarago da tarago. Kafin nan duk wanda zai tsallaka sai ya buɗe ƙofa, ya fita kan wani ɗan dandali a sarari, iska na kaɗa shi, ya taka zuwa na gaba. A daren hunturu wannan na nufin abubuwa uku. Buɗe ƙofa zai shigo da sanyin da mai barci kusa da ita zai ji. Ƙanƙarar da ta kwanta a dandalin za ta riƙe sawu. Takalmin wanda ya fita zai jiƙe. Ga kuma igiyar ƙararrawa da ke bi ta rufin taragu har zuwa wurin direba, wadda in aka ja jirgi zai tsaya, in kuma aka yanke ta, to wani ne ya yanke da dalili. Masu birki kan bi ta saman jiragen kaya suna murɗa birki da hannu, saboda haka rufi ma hanya ce ga wanda ya san aikin, kuma wanda ya iya binsa cikin duhu ya tona wa kansa asiri cewa tsohon ma'aikacin reluwe ne.

Mataki na uku: wanda aka kashe da bashin da ke kansa

A nan ne labarin kisa da labarin fatalwa suke haɗuwa, don haka ka tsaya a nan da kyau. Fatalwar da ta faɗo daga sama babu dalili ba ta tsorata kowa. Wadda ke da haƙƙi a kan wani daga cikin fasinjojin ita ce ke sa gashin jiki ya tashi. Layin nan kuwa cike yake da masu haƙƙi.

Mafi yawan leburorin Central Pacific Sinawa ne. Su suka huda duwatsun Sierra Nevada da hannu da nakiya, suka yi hunturu a ƙarƙashin ƙanƙara, ƙanƙarar da ke zaftarowa daga tsauni ta binne wasunsu. A al'adarsu dole ƙasusuwan mamaci su koma mahaifarsa, shi ya sa ƙungiyoyinsu kan tono su su aika da su ƙasar Sin. Ka yi tunanin mutumin da ba a taɓa samun ƙasusuwansa ba. A ɓangaren Union Pacific akwai 'yan Ailan da tsofaffin sojojin yaƙin basasar 1861 zuwa 1865, mutanen da suka saba da ganin gawa. Akwai ƙabilun Cheyenne da Lakota, 'yan asalin ƙasar, waɗanda aka ratsa ƙasarsu da ƙarfe, aka ƙarar musu da ɓaunar da suke rayuwa a kanta. A watan Agustan 1867 wasu mayaƙan Cheyenne sun kifar da jirgi a Plum Creek da ke Nebraska. Sai kuma cin amanar kuɗi: a 1872 ne aka fallasa badaƙalar Crédit Mobilier, kamfanin da manyan Union Pacific suka kafa suna ba kansu kwangila da farashi mai tsada, suna raba wa 'yan majalisa hannun jari.

A nawa labarin, mamacin ɗan kwangila ne da ya tura leburori cikin wani rami alhali ya san zai rufta, sannan ya ci gaba da karɓar albashinsu da sunansu bayan sun mutu. Da wannan kaɗai na samu mutum biyar da ke da dalilin kashe shi, na kuma samu waɗanda fatalwarsu ke da dalilin bin jirgin.

Roƙona ɗaya a nan: kada ka mai da Sinawa ko 'yan asalin ƙasar kayan ado na tsoro kawai, wato boka mai surkulle ko "kabarin da aka la'anta". Mutane ne da aka zalunta a zahiri. Ka sa ɗaya daga cikinsu a jirgin da ransa, da bakinsa, da buƙatarsa, da wayonsa.

Mataki na huɗu: rubuta wa fatalwar doka

Ka samu shafi guda ka rubuta abin da fatalwar za ta iya da abin da ba za ta iya ba, kuma kada ka karya ko ɗaya har ƙarshe. Tawa dokar uku ce. Ba ta bayyana sai a gilashin taga da dare. Ba ta magana kuma ba ta taɓa komai. Ba ta zuwa sai jirgi ya zo wurin da wani ya mutu lokacin ginin layi. Ka sanar da mai karatu waɗannan dokoki tun kashi ɗaya bisa uku na farkon littafin, ta hanyar abin da ya gani da idonsa. Amfaninsu shi ne, ranar da aka ga "fatalwa" ta buɗe ƙofa ko ta bar sawu, mai karatu mai lura zai ce a ransa wannan mutum ne. Ka ga fatalwar ta taimaka wa bincike ba tare da ta faɗi sunan kowa ba.

Raba abubuwan ban tsoronka gida uku: na gaske, waɗanda mai kisa ya shirya don ya fake da su, da waɗanda tsoro ne kawai ya sa aka yi musu mummunar fassara, kamar kukan iska a wayar tangaraho. Wancan zamani ma ya taimake ka. Tun 1848 da 'yan matan gidan Fox suka yi iƙirarin suna jin ƙwanƙwasar matattu a jihar New York, harkar masu kiran ruhi ta bazu a Amurka, ta ƙara ƙarfi bayan yaƙin basasa da ya bar iyalai da yawa cikin makoki. A 1869 har an gurfanar da wani mai hoto, William Mumler, bisa zargin damfara da hotunan da yake cewa na ruhohi ne. Saboda haka mace mai sana'ar kiran ruhi a cikin taragon kwana ba baƙon abu ba ce. Mafi daɗi shi ne ta kasance 'yar damfara ce da ta san duk dabarun yaudara, sai ga shi ta ga abin da ta san ba dabara ba ce.

Tunda Hausawa kake rubuta wa, ka sani da yawa daga masu karatunka sun yi imani cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, abin da ake gani aljani ne ya ɗauki siffarsa. Ba sai ka yi gardama da kowa ba. Bari mutanen cikin jirgin su saɓa a tsakaninsu: mai wa'azi ya ce shaiɗan ne, Basine, wato mutumin Sin, ya ce ɗan'uwansa ne da ba a kai gida ba, likita ya ce gajiya ce da maganin barci. Kai marubuci ka riƙe dokokinka uku, ka bar sunan abin a buɗe.

Mataki na biyar: wa zai yi binciken

A cikin jirgi kwandasta ne mai iko. Hukuma tana can tasha ta gaba, kuma in guguwa ta tsinka wayar tangaraho babu mai zuwa. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sa jami'in kamfanin bincike na Pinkerton a cikin fasinjoji, tunda kamfanonin jirgi na ɗaukarsu aiki. Ni dai na fi son mai hidimar taragon kwana. George Pullman baƙaƙen fata yake ɗauka wannan aiki, da yawansu bayi ne da aka 'yanta, kuma fasinjoji kan kira kowannensu "George" ba tare da sun tambayi sunansa ba. Shi ke shimfiɗa gadaje, shi ke zaune a farke tsakar dare, shi ke tattara takalman fasinjoji ya goge kafin asuba. Ya san takalmin da ya jiƙe. Ya san gadon da ba a kwana a kai ba. Manyan mutane na magana a gabansa kamar ba ya nan. Ga kuma haɗari na gaske a kansa, domin in ya nuna Bature attajiri da yatsa ba tare da hujjar da ba ta girgiza ba, shi za a fara rataye wa laifin. Wannan ya tilasta masa, ya kuma tilasta maka, neman hujja mai ƙarfi.

Waɗanda ake zargi kada su wuce shida ko bakwai. Kowanne ka ba shi sirri guda da yake ɓoyewa wanda ba kisan ba ne, don ya samu dalilin yin ƙarya.

Mataki na shida: shirya kisan daga baya zuwa gaba

Ka fara rubuta wa kanka daren kisan yadda ya faru da gaske, minti bayan minti, da inda kowa yake. Wannan takarda ba za ta shiga littafi ba, amma duk wata shaida daga cikinta za ta fito.

A nan zan ba ka dabarar da na fi alfahari da ita. Sai ranar 18 ga Nuwamba, 1883 kamfanonin jirgin Amurka suka raba ƙasar shiyya-shiyya ta fuskar lokaci. Kafin nan kowane gari da rana yake saita agogonsa, kowane kamfani kuma yana bin lokacin garin da ya zaɓa. Mu wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, mun san mai azumi a Maiduguri kan riga na Sakkwato shan ruwa da kusan rabin awa. Tsakanin Omaha da garin Laramie na Wyoming bambancin ya kusa minti 39. Saboda haka in matar mamaci ta ce ta ji muryar mijinta ƙarfe 12 daidai, tambayar ita ce da agogon wa. Fasinjan da bai taɓa agogon aljihunsa ba tun Omaha, da wanda ya saita nasa a tashar da aka tsaya cin abinci, za su iya rantsuwa a kan lokaci biyu mabambanta, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa. Mai kisana a cikin wannan giɓi ya ɓuya. Na nuna shi yana saita agogo a babi na 3, a gaban kowa, cikin hirar da ba ta da alaƙa da komai.

Makami ma ka yi masa tunani irin na lokacin. Albarushin wancan zamani baƙi ne, yana cika wuri da farin hayaƙi da wari, yana kuma ƙona tufafi in an harba daga kusa. Harbi a cikin taragon da mutum ashirin ke barci ba zai ɓoyu ba, sai dai in ya dace da usur ɗin jirgi ko rugugin tsallaka gada kamar dogon kadarkon katako na Dale Creek da ke kusa da tsaunin Sherman, kuma ko ƙarar ta ɓoyu warin zai tsaya. Shi ya sa wuƙa, matashin kai, ko ruwan maganin barci mai ofiyom da ake sayarwa a kowane kanti suka fi dacewa. Ka kuma tuna sanyi na jinkirta sandarewar gawa. In mai kisa ya bar taga a buɗe, likitan da ke jirgin zai yi kuskuren lokacin mutuwa, fasinjoji kuma za su ce ta nan fatalwar ta shigo. Taga ɗaya ta yi maka aiki biyu.

Kowace hujja ta gaske ka nuna ta sau biyu kafin ƙarshe: sau ɗaya a ɓoye cikin hayaniya, sau ɗaya a fili amma da fassarar da ba daidai ba.

Mataki na bakwai: bi tashoshi wajen raba babi

Jirgi ya riga ya raba maka labarin. Yana tsayawa shan ruwa da ɗaukar kwal, yana tsayawa cin abinci na ɗan lokaci kaɗan inda fasinjoji ke rububin faranti. Kowace tsayawa dama ce ta wani ya jefar da abu, ya aika saƙon tangaraho, ko ya yi yunƙurin gudu. Filin Nebraska shimfiɗaɗɗe ya dace da gabatar da mutane. Hawan tsauni bayan garin Cheyenne ya dace da daren kisa. Maƙalewa cikin ƙanƙara bayan Laramie ita ce cikin labarin, inda abinci ke ƙarewa, ana ƙona benci don ɗumi, ladabi na zubewa, mai kuɗi da talaka na zagaye murhu ɗaya. In kana saki babi-babi a intanet, ka rufe kowanne da sabon abu da aka gano, ba da suma ko ihu ba kullum. Fatalwa kuma kada ta fito fiye da sau huɗu ko biyar a duk littafin, kuma kowace fitowa ta fi ta baya matsowa kusa da taragon mai laifi.

Mataki na takwas: bakin mutanenka

Hausa za su yi, amma ba Hausawa ba ne. Mai hidima zai ce wa fasinja "yallaɓai" ko "uwargida", wannan ya zauna. Amma kada ɗan cacar Nevada ya ce "in sha Allahu", kada kuma kwandasta ya kira wani Alhaji. Karin maganarmu za ka iya sa ta a bakin mai ba da labari, su kuwa ka ba su kwatance daga abin da suka sani: doki, ma'adinai, yaƙi, caca. Shi kansa kaboyi ka san ko wane ne, makiyayi ne ɗan ƙwadago da ke kora shanu daga Texas zuwa tashoshin Kansas kamar Abilene tun 1867, kuma da yawansu baƙaƙe ne ko 'yan Meziko. Kuɗin gadon Pullman ya fi ƙarfinsa. In ka gan shi a taragon masu kuɗi, to wani ne ya biya masa, kuma wannan ma tambaya ce da mai bincike zai yi.

Mataki na tara: warwara da gwaji

A babin warwara, mai bincike ya tara mutane ya bi hujjoji ɗaya bayan ɗaya: takalmi, agogo, taga, igiyar da aka yanke. Sai bayan mai laifi ya rasa ta cewa fatalwa za ta yi fitowarta ta ƙarshe, kuma abin da za ta zo nema nata ne, ba na shari'a ba. A nawa, an buɗe akwatin mamacin aka samu littafin albashi da sunayen leburorin da ramin ya rufta da su, da wurin da abin ya faru. Basinen da ke jirgin ya kwafe su don a je a tono ƙasusuwan. Daren nan gilashin taga bai nuna komai ba sai duhu.

Kafin ka saki littafin, yi gwaji biyu. Na farko, cire duk wurin da fatalwa ta fito ka karanta saura. In har ana iya gano mai kisa da abin da ya rage, ginin ya tsaya. In kuma ba a iyawa, koma mataki na shida ka ƙara hujja. Na biyu, ba mutum uku da ba su san labarin ba, ka riƙe babi biyu na ƙarshe, ka ce kowa ya rubuta wanda yake zargi da dalilinsa. In duka ukun sun gano, ka ƙara lulluɓe hujjar agogo ko ka matsar da ita cikin wata hayaniya. In babu wanda ya ko kusa, ka fito da hujja ɗaya fili. Abin da kake nema shi ne mutum ɗaya ya gano, sauran biyun kuma da ka miƙa musu ƙarshen su koma babi na 3 da kansu su nemo wurin da aka saita agogon.